Inuwar Maruta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da na tara jama'a a bayan gidan goggona a Maruta don in nuna musu da idonsu cewa tauraron ɗan'adam maƙaryaci ne. Har yau idan abin ya faɗo mini, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Matata ta ce wani lokaci ina tsakiyar cin abinci sai ta ga na ajiye cokali na ce "Kai!" ni kaɗai. To, ranar ce nake tunawa.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin fiziks. Malamar da ke duba aikina sunanta Dakta Hajara, mace ce marar yawan magana, wadda idan ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, ɗalibi ya san yau ba lafiya. Aikin da ta ba ni ba shi da wuyar fahimta. Akwai taurarin ɗan'adam a sama da ke ɗaukar hoton duniya kullum. Daga hoton ake duba gajimare da sauran abin da ke tare rana, sai kwamfuta ta lissafa ƙarfin hasken da ke sauka a kowane gari. Da wannan lissafi masu kafa sola ke aiki, shi ke gaya musu faranti nawa za su sa a wuri kaza. Amma dai ƙiyasi ne aka yi daga nesa. Dole wani ya kafa na'ura a ƙasa, ya auna ranar da gaske, sannan ya gwada da abin da tauraron ya faɗa, a ga ko sun yi daidai. Wannan wanin shi ne ni.

Na'urar ba wata babba ba ce. Farin ƙarfe ne zagayayye kamar murfin kwanon sha, a tsakiyarsa akwai ƙullutun gilashi kamar rabin ƙwai, a cikin gilashin kuma akwai baƙin ido wanda shi ke shan rana. Ana ɗaure ta a kan sandar ƙarfe daidai kafaɗar mutum, waya ta sauko zuwa wani ɗan akwati da ke rubuta duk abin da idon ya gani. Guda biyu kacal sashenmu ke da su, kuma ranar da Dakta ta miƙa mini su ta daɗe tana kallona kamar mai shirin fasawa.

Ɗaya na kafa a Wurno ta Birnin Kudu, a gidan wani abokina malamin makaranta. Ɗayar kuwa na kai ta Maruta ta Gwaram, wani fili fetal a bayan gidan Goggo Dije, yayar mahaifina. Goggo tsohuwa ce mai ƙarfin jiki, mijinta ya daɗe da rasuwa, sana'arta saƙar kaba: faifai, tabarma, malafa. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Babana". Na zagaye na'urar da ragar waya saboda awaki, na sa kwaɗo, na miƙa mata makulli da wani farin tsumma mai laushi.

Na ce, "Goggo, aikinki ɗaya ne. Kullum da safe ki goge wannan gilashin. Amma don Allah ki kula da ita. Idan ta lalace, karatuna ya lalace. Ki ɗauke ta kamar jaririya."

Ta leƙa gilashin, ta ce, "Wannan mai ido ɗayan? Ka kwantar da hankalinka, Babana. Na raini ubanka, ba zan kasa rainon wannan ba."

Na tafi ina jin daɗi, ina cewa a raina na samu ma'aikaciya kyauta.

Bazara ce, rana kamar ta fasa kai. Duk bayan mako biyu nakan je in kwashe bayanan da akwatin ya tara. Ranar kasuwa nake zuwa saboda ranar ce ake samun mota ba wahala, kuma da sassafe nake isa, in gama, in gudu kafin hantsi ya ɗaga. (E, mutumin da ke binciken rana ne yake gudun rana. Ina da fata mai saurin yin ƙuraje, wannan ce hujjata a lokacin.)

Da na zuba bayanan Wurno a kwamfuta, sai na ga abin da ake tsammani. Na sa layin tauraro ya zama shuɗi, layin na'urata ja. Su biyun suka tashi tare da safe, suka hau tudu tare da tsakar rana, suka gangara tare da yamma, kamar tagwaye. Ba abin mamaki, ba abin labari. Har na ji haushi, don ba wanda zai tuna da ɗalibin da ya gano cewa komai daidai yake.

Sai na buɗe na Maruta.

Da safe layukan biyu suna tafiya tare. Amma ana dab da tsakar rana, daidai lokacin da shuɗin layi ke hawa ƙololuwa, sai jan layi ya rikito ƙasa kamar an ture shi. Bai kai sifili ba, da na ce waya ce ta tsinke. Ya dai sauka sosai, ya kwanta a can yana 'yar rawa, har zuwa la'asar, sannan ya yi tsalle ya koma ya riski ɗan'uwansa. Na duba washegari, haka. Na duba jibi, haka. Na miƙe tsaye a ɗakina. Na zauna. Na sake miƙewa. Na zagaya kujera sau biyu. Na gaya wa kaina da ƙarfi, "Malam, ka kama tauraro da ƙarya!"

Daga nan fa hankalina ya bar jikina. Na lura cewa faɗuwar ba agogo take bi ba, tana ɗan matsawa kaɗan-kaɗan bisa tsayuwar rana. Na ce to, ai abin halitta ne, ba na na'ura ba. Na kuma lura cewa rana ɗaya a kowane mako layin ba ya faɗuwa ko kaɗan, yana bin na tauraro sak. Na duba kalanda, sai na ga ranar kasuwa ce. Mai hankali da a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni ma na yi tunani, sai dai tunanin ya bi ta wata hanya. Na ce hayaƙin girki ne! Matan Maruta suna hura wuta da tsakar rana, hayaƙin ya taru ya kwanta ƙasa-ƙasa a kan gari, ya tare rana, tauraro kuma daga can sama ba ya ganinsa. Ranar kasuwa mata sun tafi kasuwa, ba girki, ba hayaƙi. Komai ya zauna daram! (Ban tambayi kaina me ya sa matan Wurno ba sa girki ba. Wannan tambayar ba ta da daɗi, sai na bar ta.)

Har suna na raɗa wa abin: Inuwar Maruta. Na rubuta shi da manyan baƙaƙe a bangon littafina. Na fara hango kaina a jirgin sama ana kai ni taro ƙasar waje. Na tsaya gaban madubi ina gwada yadda zan amsa wa 'yan jarida, ina cewa, "A'a, ni ba komai ba ne, ɗan ƙauye ne kawai da Allah Ya ba basira." Na sayi sabon takalmi.

Da na kai wa Dakta Hajara, ta daɗe tana kallon layukan. Sannan ta cire tabarau.

"Ka je ka ga na'urar?"

"Na je, Dakta. Lafiyarta ƙalau. Gilashin har ƙyalli yake."

"Da tsakar rana ka je?"

"Ai na... na duba komai, Dakta."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ka je ka yini a gabanta, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Kafin ka ce tauraro ya yi kuskure, ka tabbata kai ba ka yi ba."

Na ce to. Amma na fito ina cewa a raina, manyan malamai haka suke, ba sa son yaro ya riga su. Maimakon in je in yini a rana kamar mai gadin gona, sai na yi dabarar da na ɗauka ta fi tata. Na ciro na'urar Wurno na kai Maruta, na kai ta Maruta Wurno, duk da sassafe. Idan laifin na'ura ne, ai inuwar za ta bi ta zuwa Wurno. Bayan mako biyu na duba. Wurno lafiya lau. Maruta kuwa, jan layi ya sake rikitowa a daidai lokacinsa. Wallahi ranar har rawa na taka, ni kaɗai, da kwamfuta a hannu.

Da a nan abin ya tsaya, da tsakanina da Dakta ne kawai. Amma bakina bai bar ni ba.

A Maruta akwai ƙungiyar manoman rani, shugabanta Malam Garba, dattijo mai fara'a, abokin marigayi mijin Goggo. Tsadar fetur ta ishe su, sun yanke shawarar su koma injin ban-ruwa mai aiki da sola, har sun yi magana da mai kawo kayan. Da ya ji cewa ɗan gidan Dije ne ke auna rana, sai ya tare ni wata safiya a bakin hanya ya tambaye ni shawara. Ni kuwa na gyara tsayuwa, na sa hannu ɗaya a aljihu.

"Baba, gaskiya ku dakata. Ranar Maruta ba ta da ƙarfi."

Ya ce, "Na'am?"

"Da tsakar rana raguwa take yi. Lissafin da mai kayan zai yi muku, daga tauraro ya samo shi, kuma tauraron bai san garin nan ba. Za ku kafa faranti, lokacin da kuka fi buƙatar ruwa injin ya tsaya."

Malam Garba ya cire hularsa, ya nuna mini tsakar kansa. "Ɗana, shekara sittin rana ke dukan nan wurin. Ban taɓa jin ta yi sauƙi da azahar ba."

"Baba, fata ba ta auna rana. Na'ura ce ke aunawa."

(Na faɗi wannan maganar. Da bakina. Ga dattijon da ya girmi mahaifina.)

Mutumin kirki ne, sai ya mayar da hularsa ya ce, "To, ku ne masu ilimi." Suka dakatar da maganar sola, suka ci gaba da sayen fetur a galan suna jiran sakamakon bincikena, tumatir da albasa kuwa ba su san ana bincike ba, ruwansu kawai suke so.

Da Dakta ta ji cewa har na fara ba manoma shawara, ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Ranar Laraba zan je in ga inuwar nan taka." Na ɗauka ta sallama ne. Na aika wa Malam Garba ya tara 'yan ƙungiya. Na aika wa Goggo cewa manyan baƙi na zuwa daga jami'a, ta yi girki na gani na faɗa. Na kai shaddata wurin guga. Na rubuta jawabi shafi uku, na haddace.

Larabar ta zo, sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Muka isa da hantsi a motar sashenmu. Manoma kusan ashirin sun hallara a bayan gidan, wasu sun shimfiɗa buhu a inuwar darbejiya, wasu na tsaye. Goggo ta leƙo ta gaida Dakta, ta ce "Sannunku da hanya, Hajiya," ta koma wurin tukunyarta. Dakta ta zagaya na'urar, ta duba gilashi, ta duba waya, ta ɗora wani ɗan ma'auni ta ga a miƙe take. Ta ce, "An kula da ita." Na ji kamar an ɗaura mini rawani.

Na jawo doguwar waya daga akwatin zuwa gindin darbejiyar, na ɗora kwamfuta a kan turmi da aka kifa, yadda kowa zai ga jan layin yana tafiya kai tsaye. Don in fuskanci jama'a kuma in ga allon, sai na juya wa na'urar baya. Ku riƙe wannan.

Na fara jawabi. Na yi bayanin tauraro. Na yi bayanin hayaƙi. Na ce da dattawan Maruta matansu ne ke rage musu rana. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah," wani kuma ya yi tari mai kama da dariya. Na ɗaga hannu na duba agogo, na ce, "Jama'a, saura minti biyar. Ku zuba ido a kan wannan jan layi. Rana tana sama, kuna jin zafinta, amma za ku ga ya faɗi. Abin da tauraro bai gani ba, yau za ku gani."

Minti biyar suka wuce. Layin yana hawa.

Na ce, "Wani lokaci yakan ɗan jinkirta."

Minti goma. Layin ya ƙara hawa, lafiyayye, yana manne da shuɗin kamar ba su taɓa rabuwa ba. Gumi ya fara bin bayana, shaddar ta manne. Na leƙa sama ta gefen ido ina neman hayaƙi. Hayaƙi ɗaya ne a garin, na girkin da Goggo ke yi mana, shi ma siriri, iska na kaɗa shi gabas. Dakta ta harɗe hannuwa. Malam Garba ya ce a hankali, "Ko yau ta ji kunyar baƙi ne?" Aka yi dariya. Na yi kamar ban ji ba. A zuciyata kuwa addu'a nake, irin wadda ban taɓa jin wani ya yi ba: ya Allah, Ka rage ranar nan.

Minti ashirin. Na durƙusa gaban turmin, hancina kusan yana taɓa allo. Na ji ƙarar buɗe kwaɗo a bayana, amma ban kula ba, duk duniyata tana kan layin nan.

Sai ya faɗi.

Ya rikito ƙasa gaba ɗaya, daidai yadda ya saba, kyakkyawa, kamar an zana shi da hannu. Na yi tsalle na miƙe har na kusa ture kwamfutar. "Ga shi nan! Ga shi nan! Allahu Akbar! Dakta, kin gani? Baba Garba, ka gani? Inuwar Maruta ke nan! Wa ya ce ƙarya nake? Ku matso ku gani da idonku!"

Ba wanda ya matso. Ba wanda ma yake kallon allon. Mutum ashirin, har da Dakta, duk sun zuba ido a wani abu da ke bayan kafaɗata, bakinsu a ɗan buɗe. Na ci gaba da nuna allon ina cewa "Ku duba mana!" har sau biyu, kafin Malam Garba ya ce, da wata irin murya mai taushi, "Ɗana, ɗan waiwaya."

Na waiwaya.

Goggo Dije ce a cikin ragar wayar, zaninta duk toka, muciya a hammata. A kan na'urar sashenmu, wadda jami'a ke da irinta biyu kacal, akwai 'yar malafa. Ƙaramar malafa ta kaba, sabuwa, mai ado ja da kore a baki, an saƙa ta daidai kan na'urar kamar an gwada. Goggo tana ɗaure mata igiya a ƙasa, a inda haɓa za ta kasance da na'ura na da haɓa. Ta gama, ta ɗan gyara mata zama, ta shafa ta.

Sannan ta juyo ta ga duk ana kallonta, sai ta ce, "Ku yi haƙuri, Hajiya, yau na makara. Girkin baƙi ne ya riƙe ni. Baiwar Allah, ta sha rana yau."

Wata akuya ta yi kuka daga nesa.

Na ji muryata ta fito siririya. "Goggo... tun yaushe?"

"Tun kwana uku da ka kawo ta. Na zo na taɓa ta da rana, wallahi Babana kamar garwashi. Na ce wannan idan aka bar ta haka ai idon zai tsiyaye, karatun yaro ya lalace. Shi ne na zauna na saƙa mata. Da zarar inuwar rumbu ta shige ƙarƙashinsa sai in zo in sa mata, in an kira la'asar in cire. Ban taɓa fashi ba sai ranar kasuwa, shi ma don ba na gari ne, kuma raina na kanta har in dawo." Ta dubi Dakta da alfahari. "Da ya canzo wata ma, ita ma na sa mata. Kansu ɗaya."

Dakta ta matsa a hankali, ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin malafar. Hasken rana yana ratsa ƙananan ramukan saƙar yana sauka a kan gilashin ɗigo-ɗigo. Abin da ya hana layina kaiwa sifili ke nan. Ta miƙe, ta cire tabarau. Na ce shi ke nan, karatu ya ƙare, gara in fara tunanin sana'a. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta juya mana baya, ta toshe baki da gefen mayafi, amma abin ya fi ƙarfinta. Dakta Hajara, wadda shekara biyu ban taɓa ganin haƙoranta ba, ta fashe da dariya har ta dafa ragar waya.

Kamar izini aka jira. Manoman nan suka ɓarke. Wani ya kwanta a kan buhunsa yana dukan ƙasa. Tsohon da ya ce "Ikon Allah" ya sake cewa "Ikon Allah," amma yanzu hawaye na zuba. Wani ya ce, "Ashe matanmu ba su da laifi!" Ni kuwa ina tsaye a tsakiya da shadda jiƙe sharkaf, sabon takalmi yana matse ni, yatsana har yanzu yana nuna allon, na manta ban sauke shi ba.

Goggo ce kaɗai ba ta dariya. Ta dube su, ta dube ni, fuskarta ta canza. "Babana, ɓarna na yi?"

Nan ne kunyar gaske ta kama ni, don na ga tsohuwar nan tana shirin ɗaukar laifin da ba nata ba. Kafin in buɗe baki, Dakta ta share ido ta kama hannunta. "Inna, ba ki yi ɓarna ba. An ce ki kula da ita, kin kula da ita fiye da mai ita. Shi ne bai gaya miki cewa shan rana ne aikinta ba. Kuma shi ne aka ce ya zo ya yini a nan, bai zo ba." Ta juyo gare ni. "Ko ka zo?"

Na ce, "Ban zo ba, Dakta."

"Ɗaga murya, Baba bai ji ba."

"Ban zo ba!"

Na je gaban Malam Garba na durƙusa, na ce ya yafe mini, ranar Maruta lafiyarta ƙalau, su kira mai sola gobe-gobe. Ya ɗaga ni yana ta murmushi. Bai ce mini komai game da fetur ɗin da suka yi ta saya saboda ni ba, kuma rashin faɗar ya fi mini ciwo. Ya ce kawai, "Tashi mu ci abinci, ɗana. Ilimi ne, haka ake samunsa." Muka zauna aka kawo dambu da zabi biyu da Goggo ta yanka don murnar gano Inuwar Maruta. Na ci, don yunwa ba ruwanta da kunya, amma ban ɗaga kai daga kwano ba.

A mota muna komawa, Dakta ta karɓi kwamfutar ta ware ranakun kasuwa kaɗai, ranakun da Goggo ba ta gari. Jan layi da shuɗi suka kwanta a kan juna, bambancinsu ɗan kaɗan ne, irin wanda aka saba gani. Ta ce, "Ka ga sakamakonka nan. Tauraron ya yi ƙoƙari a Maruta kamar yadda ya yi a Wurno. Sauran kwanakin ka zubar, ka sake aunawa. Wannan karon kuma a can za ka tare."

Haka aka yi. Wata uku na yi a Maruta, har damina ta sauka, kullum ina zaune kusa da ragar waya da littafi, ina rubuta duk abin da ya gifta: gajimare, tsuntsu, mai tallan nono da ta tsaya kallo. Na yi baƙi ƙirin, ƙurajen da nake tsoro suka fito suka gaji suka koma. A watannin ne na fahimci aikin sosai. Na ga ranakun da tauraro ke ɗan zarce gaskiya, na ga yadda ƙaramin hadari mai saurin wucewa ke kuɓuce masa, abubuwa ƙanana, ba masu kai mutum ƙasar waje ba, amma na gaskiya. Da su na rubuta kundina, na kuma ci. Kafin in bar garin an kafa wa ƙungiya farantansu a fadama, na tsaya na ga ruwa yana bulbulowa daga tiyo da tsakar rana tsaka, da ƙarfi kamar zai yaga shi. Wani manomi ya hango ni ya ɗaga murya, "Malam, yau dai ba inuwa ko?" Na ɗaga masa hannu na ƙara sauri.

Goggo kuwa ba ta taɓa yarda har zuciyarta ba. Ta daina sa malafar, amma kullum da azahar sai ta leƙo ta katanga ta dubi na'urar tana ƙuna a rana, ta dube ni, ta girgiza kai ta ce, "Ku dai 'yan boko ba ku da imani."

Yanzu ni ma ina da ɗalibai, kuma ina tura su kafa irin wannan na'ura a garuruwa. Sukan zo mini da tsoron ɓarayi, da tsoron awaki, da tsoron tsawa. Nakan ce duk waɗannan masu sauƙi ne, ɓarawo idan ya zo za ka ga ba na'ura, akuya kuma za ka ga waya a tattaune. Abin da nake so su bincika kafin su haƙa rami shi ne ko akwai mai tausayi a gidan. Idan akwai, su zauna su yi masa bayani dalla-dalla. Kuma duk ranar da suka ga sun gano abin da duniya ba ta taɓa gani ba, kafin su kai shadda wurin guga, su daure su waiwaya.